Tukwane Huɗu na Kawu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a koma. Kawu ya riga mu komawa wata Talata a tsakiyar bazara, yana zaune bisa buzunsa bayan sallar asuba. Ina Kankiya ina shirin tafiya makarantar da nake koyarwa aka bugo mani waya. Kafin in sami mota in isa Dudunni har an kai shi an dawo, don zafin ranar bai bari a jira kowa ba. Shi ne yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu da ta rasu, shi ya aurar da ni. Amma ban ga fuskarsa ba.

Na iske gidan cike maƙil. Inna, matarsa, tana ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta, ba ta ko ɗaga kai. Mata sun cika tsakar gida har gindin rumbu, kowa na faɗin abin da ta sani. Wata tsohuwa da ta taho tun daga Fakuwa ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce lokacin da Kawu ke aikin duba-gari ya taɓa iske kwatamin bayan ɗakinta ya cika da 'ya'yan sauro, ga ta da marayu biyar, ga ba namijin da zai yashe mata. Ta ce ta tabbata ranar sai gaban alƙali. Sai ya dube ta ya tafi, washegari ya dawo da shebur da wata kwalba. Ya yashe kwatamin da hannunsa, ya juye mata wasu 'yan kifaye cikin randar da take tara ruwan sama.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Allah Sarki mai kifi! Shekara talatin yana kiwo, ko ɗaya bai taɓa shiga miya ba."

Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Bayan la'asar aka aiko wai wani na sallama da ni a soro. Na fita na iske Baba mai kemis, tsohon abokin Kawu, mutumin kudu ne Kirista da ya tsufa a Kankiya yana saida magani. Ƙafarsa ba ta da lafiya, a bayan mashin aka kawo shi. Ya cire hularsa ya yi mani gaisuwa, idanunsa jajir. Sai ya rage murya ya ce, "Malama, ina tukwanen? Kada a bari yara su taɓa su cikin wannan taron."

Wallahi tun safe ban tuna da su ba. Na ruga ɗakin Kawu na baya, inda tukwanen ƙasa huɗu suke jere a inuwa rufe da faifai tun ina yarinya. Na iske faya-fayan a ƙasa, da shacin gindin tukunya huɗu a daɓe. Tukwanen babu su.

Sai na faɗi abin da ke cikinsu, don wanda bai san Kawu ba zai ce wace irin mace ce ke neman tukunya ranar mutuwar ubanta.

A bayan garinmu akwai wani kududdufi da ke cika da damina, ya ƙafe ƙaf da rani har ƙasarsa ta tsattsage. Duk shekara, ruwa na sauka da sati biyu zuwa uku, sai a ga 'yan kifaye a ciki, ba su kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Kududdufin bai haɗu da kowane rafi ba, shi ya sa kowa ya yarda daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Kifin sama muke ce masu. Kawu kaɗai ya ƙi yarda. Wani rani ya je ya ɓamɓaro busasshiyar laka daga tsakiyar kududdufin, ya ajiye ta har ruwan farko, ya zuba mata ruwan sama cikin daro. Kafin azahar daron ya cika da wasu abubuwa masu motsi, ba ka ganin komi sai idanu. Ya ɗauki daron ya zagaya gari da shi yana cewa, "Ku zo ku gani! Ba daga sama suke ba, a ƙarƙashin ƙafarku suke kwana."

Ashe iyayen na binne ƙwai cikin laka kafin ruwa ya ƙafe, su su mutu, ƙwan ya yi ta barci har wata damina.

Daga ranar nan Kawu ya kamu. Ya kai labarin shagon Baba mai kemis, shi kuwa yana da wani akwatin gilashi da ya taɓa kiwon kifin ado na kudu a ciki, zafin garinmu ya kashe su. Ya ba Kawu akwatin, ya kuma nuna mashi wani littafi mai hotuna. A ciki Kawu ya ga dangin kifinsa, ana ce masu kilifish, ya ji wai a wasu ƙasashe har aika ma juna ƙwan ake yi. Ya dawo gida yana ƙyaƙyata dariya. "Kin ji, Turawa na aika ma juna laka a wasiƙa, ke kuma kina cewa ni ne na taɓu."

Inna ta ce, "To ai ba kai kaɗai ne mahaukaci a duniya ba, na sani."

Haka suke su biyu. Ita ta tsani kifin nan, ko kuwa haka muka ɗauka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gwangwanin. Kifin ba ya cin dusa, ba ya cin tsaki, sai abu mai rai. Don haka Kawu, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kife tukwanen mutane saboda sauro, ya koma yana ajiye gwangwanin ruwa a bayan rumbu yana kiwon 'ya'yan sauro da kansa. Kullum da hantsi sai ya kwaso su da wani tsohon cokali da ya huhhuda da ƙusa.

Inna kan ce, "Duba-gari ke nan! Da a ce wani ne, da tuni ka kai shi ƙara."

Shi kuma ya ce, "Ba ɗaya da ke yin fiffike a gidan nan. Ni nake ƙirga su."

"Wanda ya cije ni jiya fa? Daga Kusada ya zo?"

"Wannan na maƙwabta ne, na gane muryarsa."

Ni ce mai zama kusa da shi in yana aikin, ba don ina so ba, don dai yana ba ni gyaɗa. A nan na koyi abin da ban san na koya ba. Namiji shi ke yin ado, jiki shuɗi-shuɗi da ɗigon ja, wutsiya kamar an tsoma ta a lalle. Mace kuwa toka-toka ce, ba mai kallonta sau biyu. Kawu kan nuna ta da cokali ya ce, "Kowa na kallon mai riga. Waccan marar kwalliyar ita ce gidan." Yakan sa ɗan kasko cike da baƙar laka a gindin akwatin, mace da namiji su nutsa ciki su fito. In kaka ta yi, kifayen sun tsufa sun fara mutuwa, sai ya kwashe lakar ya matse ta a tsumma, ya bar ta da ɗan danshi kamar garin da za a yi dambu, ya zuba a tukunya ya rufe. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya buɗe ya sansana, ya mayar da faifai. In ruwa ya sauka sosai ya tari na sama, don ya ce na rijiya ma na tashe su, amma ba su daɗewa a cikinsa. In sun ƙyanƙyashe ya tsame su, lakar kuma ba ya zubarwa. Sai ya sake matse ta ya ajiye.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ba duka ke yarda da ruwan farko ba. Akwai masu wayau da ke cewa wannan ruwan yaudara ne, zai ɗauke. Su sai a na biyu suke tashi."

Da farko tukwanen abin sha'awa ne kawai, tunda kududdufin na nan. Sai aka zo gyaran hanya, motocin tifa suka yi ta ɗibar ƙasa a wurin har ya zama ƙaton rami da ba ya ƙafewa. Samarin gari suka zuba tarwaɗa a ciki, kuma ba wanda zai ga laifinsu, sun sami abin yi. Amma ƙwan kifin Kawu sai ƙasa ta bushe yake nuna, abin da ya ƙyanƙyashe kuwa tarwaɗa ta lashe. Damina uku yana zuwa da 'yar komarsa yana dawowa hannu wofi. Ya hau kekensa, da tsufansa, ya bi kududdufan Fakuwa da Sukuntuni da duk inda aka ce mashi an taɓa ganin kifin sama. Wani wurin an cike an yi gini, wani wurin maganin feshin gona ya gangara ciki. Ya dawo ya zauna a soro ya ce ma Baba mai kemis, "Ban san na duniya ba. Amma iya inda ƙafata ke kaiwa, abin da ya rage shi ne na cikin ɗakin nan."

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don ban zauna rubutun nan don in wanke kaina ba.

Da kakar bara na je gaishe su. Zan tafi ke nan, na yafa mayafi, sai Kawu ya fito rungume da tukunya ɗaya. Ya ce, "Ɗiyata, ki tafi da wannan Kankiya. Bai kamata su zauna wuri ɗaya ba. Ke kin san yadda ake yi."

Ni kuwa ranar raina a ɓace yake, ga goyo, ga ƙullin gero da wake, ga mota na jira. Kuma ni dama bakina ba ya da linzami, duk dangi sun sani. Na ce, "Haba Kawu, don Allah! Ɗaki biyu gare ni da yara huɗu, ina zan kai tukunyar laka? Mutane na kiwon tarwaɗa suna cin abinci, kai ka ƙare rayuwarka a kan abin da ko kyanwa ba ta ƙoshi da shi. Ka bari sai wani zuwan."

Bai yi fushi ba. Da ya yi ma da ya fi mani sauƙi. Ya tsaya da tukunyar a ƙirji ya ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya. Ki gaida maigidan." Ya juya ya mayar da ita ɗaki. Na sake zuwa sau biyu bayan nan, bai ƙara tada maganar ba, ni ma ban tada ba.

To ranar rasuwar, da na ga ɗakin wayam, na fita neman Yaya, babban ɗan Kawu. Direba ne, ya fi shekara ashirin yana zaune Katsina, Allah ne Ya sa ya kwana gida a daren. Na same shi bayan soro yana wanke ƙafa. Na ce, "Yaya, ina tukwanen Kawu?"

Ya ce, "Ai da su muka rufe shi."

A wajenmu in an sa mamaci a kabari, tukwanen ƙasa ake rabawa biyu a kifa a kansa, a kwaɓa laka a toshe kafofin kafin a tura ƙasa. Yaya ya ce waɗanda aka sayo sun farfashe a amalanke, ga rana na yi, ga mutane na jira. Sai ya tuna da na ɗakin baya. Ya juye abin da ke ciki a daro, aka ɗauki tukwanen. Da zai fita ya dubi daron ya ga baƙar laka mai laushi, ga shi ƙasar maƙabartarmu jigawa ce ba ta kamawa. Sai ya ce a taho da shi. A bakin kabarin suka zuba ruwa suka kwaɓa.

"Da hannuna na liƙe," in ji shi. "Na ce ƙasar da ya fi so ce a duniya, gara ita ta rufe shi. Mi ya faru? Ai laka ce, ga ta can cike da kududdufi."

Na zauna a ƙasa. Na san abin da ruwa ke yi ma lakar nan. Na san kafin a gama addu'a a watse, dubban 'yan idanu sun fasa ƙwai sun fito cikin kwaɓin, suna neman ruwan da za su yi iyo babu. Na buɗe baki in zazzaga ma Yaya abin da ke cikina, sai na ga hannuwansa, har lokacin akwai baƙar laka a ƙarƙashin farcensa. Mutumin nan ubansa ya binne da safe, kuma abin da ya yi don ƙauna ya yi shi. Wadda aka miƙa ma tukunya ta ƙi karɓa ni ce, ba shi ba. Na yi kukan da ban yi ba tun da na shigo garin.

Baba mai kemis ne ya dafa bango ya matso. Ya ce, "Malama, daron fa? An wanke?"

Ba a wanke ba. Wanda ya dawo da shi ya kife shi bayan rumbu, kusa da gwangwanin sauro, cikin hidima aka manta. Lakar ta kama a gefensa da gindinsa, inuwa ta hana ta bushewa ƙarau. Na kankare ta da cokalin miya, na tattara har da ɓurɓushin da ke daɓen ɗaki. Duka ba ta cika tafin hannu biyu ba. Na ƙulle ta a tsumma, na sa a 'yar tukunya. Bayan addu'ar bakwai na hau mota da ita bisa cinyata, akwatin gilashin kuma Yaya ya kawo mani da kansa, ya ajiye ya tafi. Ashe akwai wuri a ɗaki biyun. Ƙarƙashin gado ma ya isa.

Wata biyu ina buɗewa duk Juma'a ina sansanawa, ban ma san ƙanshin da nake nema ba. Da ruwa ya sauka sosai na tara a roba, na yi bisimilla na zuba. Na zauna a gaban robar tun hantsi. Maigidana ya leƙo ya ce, "Malama, yau ba girki?" Na ce ya sayo masu waina. Azahar ta wuce ba komi. Dab da la'asar ƙaramar ɗiyata ta ce, "Umma, ga wani abu na kallona."

Guda biyar ne suka tashi. Masu wayon da suka ƙi yarda da ruwan maƙabarta.

Na yi masu duk abin da na ga Kawu na yi. Na jiƙa ciyawa har ruwan ya yi kore na riƙa ɗiga masu, da suka yi ƙwari na ajiye nawa gwangwanin a bayan ɗaki, ni da na yi ma tsoho gori. Biyu suka mutu a satin farko. Uku suka rayu, suna girma kamar ana hura su. Na sa kaskon laka a gindin akwatin tun kafin lokaci ya yi. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in durƙusa in duba, ina roƙon Allah abu ɗaya, Ya bar mani guda ɗaya toka-toka.

Na farko ya fara ja a wutsiya, na yi murna. Bayan kwana biyu na biyu ya bi shi. Na ukun ƙarami ne, ya daɗe bai nuna komi ba, har na buga ma Baba mai kemis waya na ce ina jin an dace. Sati guda na yi ina tafiya kamar an yi mani albishir da Makka. Ran wata Asabar rana ta faɗo kan gilashin, ya juya, na ga ɗigon ja a gefensa.

Na sake matse lakar na jiƙa ta, har sau uku cikin daminar nan. Ba abin da ya ƙara tashi.

Maƙwabta kuwa sai shigowa suke kallo. "Kai, masha Allah! Malama, ina kika samo waɗannan? Dukansu kyawawa, ba na yarwa." In ce masu na gode.

Da Inna ta fita takaba, gidana ne wuri na farko da ta fara zuwa. Ta rame, ta yi shiru-shiru, ba ta ko yi mani faɗan ɗaurin ɗankwali ba. Ba wanda ya gaya mata zancen tukwanen, mun haɗa baki da Yaya a kan a bar ta da abin da ke damunta. Ta sha ruwa, ta yi salla, sai idonta ya faɗa kan akwatin gilashin a bakin taga. Na yi tsammanin za ta ce ashe haukan gado ne. Sai ta tashi ta je ta durƙusa a gabansa, ta daɗe tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Su ke nan?"

Na ce, "Su ke nan, Inna."

"Duka sun yi ado."

"E."

"To ba mai saka ƙwai ke nan." Ta faɗe shi a hankali, ba tambaya take ba. Shekara talatin tana zagin kifin nan, ashe duk abin da yake faɗi tana ji.

Na ce, "Inna, ya ba ni tukunya ɗaya bara, na ƙi ɗauka."

Ta ce, "Na sani, ina tsakar gida. Da kika tafi ya ce mani yarinyar na da gajiya, za ta dawo ta ɗauka."

Ta kwance bakin mayafinta. Tsohon cokalin nan ne mai huda-huda ta ƙullo tun daga Dudunni. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ina gwangwanin? Hantsi ya wuce, kin bar bayin Allah da yunwa."

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe mashi, Ka yalwata mashi makwancin da aka liƙe da lakarsa. Ka ba shi ruwan da ba ya ƙafewa. Ni kuma Ka yafe mani maganar da na faɗa mashi a bakin soro, tunda shi ban samu na roƙe shi ba.

Yanzu kaka ta yi, an fara yankan gero. Biyu sun tafi cikin satin da ya wuce, kamar yadda irinsu ke yi in damina ta ƙare. Saura ƙaramin nan da ya daɗe bai yi ado ba. Da safen nan na gan shi ya nutsa cikin kaskon laka ya fito, ya tsaya a bakinsa ya buɗe fiffikensa duka, yana jira.